Ɓarayin da Suka Tsallake na Bakin Ƙofa

Ranar Litinin da safe, Sufeto bai gama kurɓar shayinsa ba Saje ya leƙo ofis.

"Yallaɓai, an fasa siton bankin Musulunci. Wai an kwashe firiji sama da ɗari. Ni dai ban gane ba, banki ne ko kanti?"

Sufeto ya ajiye kofin. Ya san bankin, ya kuma san firijin. Bankin ba ya ba da rance da ruwa. Idan mutum yana son kayan sana'a, bankin ne zai saya ya mallaka tukuna, sannan ya sayar masa da riba sananniya, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Murabaha suke kiran cinikin. Ta wannan hanya matarsa ta samu firijin da take sayar da ƙanƙara, kuma da kuɗin ƙanƙarar nan babbar 'yarsu ta gama makarantar koyon jinya.

Kafin ya fita sai da ya shiga wajen shugaban caji ofis.

"Ranka ya daɗe, gara ka sani tun yanzu. Gidana na cikin waɗanda bankin nan ya rufa wa asiri. Har gobe muna biya."

"Kana da ɗan'uwa a ciki?"

"Babu."

"To je ka. Amma duk wanda za ka yi wa tambaya, ka fara gaya masa wannan."

Siton yana ƙarshen wani layi a bayan kasuwa. Motarsu ba ta kai ƙofar ba, domin an haƙe layin daga wannan bango zuwa wancan ana gina magudanar ruwa. Katako guda aka shimfiɗa a kan ramin. Saje ya dubi katakon, ya dubi tumbinsa, ya yi bisimilla sannan ya taka.

Sufeto ya tsaya wajen shugaban leburori.

"Tun yaushe aka rufe layin?"

"An fi wata, Yallaɓai. Ko baro sai an ɗaga shi sama ake ƙetarewa."

"Kuna aiki ranar Lahadi?"

"Hutu muke."

An datse kwaɗon babbar ƙofa, yana yashe a ƙasa. Daga shiga sai ga firiji jere a layi guda, kowanne cikin kwalinsa, ba a taɓa su ba. Bayansu ragar ƙarfe ce ta raba siton biyu. An datse kwaɗonta ita ma, kuma cikin wayam.

Sufeto ya sa kafaɗa ya tura ɗaya daga cikin na bakin ƙofa. Da ƙyar ya gusa, ya bar zane a siminti. Ya shiga cikin ragar ya tsuguna. Ƙura ta nuna gurbin kwalaye sahu-sahu, ga sawun ƙafafu birjik, amma babu zanen jan kaya ko ɗaya.

"Saje, da kai ne ɓarawon, wanne za ka fara ɗauka?"

"Allah ya kiyaye, Yallaɓai. Amma na kusa da ƙofa mana."

"Su kuwa waɗannan sun tsallake na kusa, sun kwashe na nesa, sun bi da su ta kan katakon da kai ma sai da ka yi addu'a."

Mai sito yana zaune a kan benci, kurtu na tsaye a kansa. Mutum ne siriri, idanunsa sun yi ja.

"Yaushe rabonka da nan?"

"Jiya Lahadi, Yallaɓai. Ƙa'ida ce in zo in duba. Na zo da la'asar, komai lafiya."

"Ina mai gadi?"

"An sallame shi tun bara, wai a rage kashe kuɗi."

"Makullin raga fa?"

"Yana hedikwata. Ni na waje kawai nake riƙewa. Da aka ɗauke ni aiki na tarar da kayan ciki a jere, aka ce kada in taɓa."

Yana magana yana kallon yatsun ƙafarsa. Sufeto ya ce a kai shi caji ofis, amma kada a sa masa ankwa.

Ofishin Babban Manaja yana hawa na biyu a hedikwatar bankin. Bango cike da lambobin yabo. Shi kuwa yana zaune bayan wani faffaɗan tebur, mutum mai fara'a da furfura kaɗan a gemu. Ya miƙo hannu daga inda yake, bai tashi ba.

Sufeto ya faɗa masa zancen firijin matarsa. Fuskar Babban Manaja ta washe.

"Alhamdulillahi. Irin wannan labari shi ke sa mu manta da gajiya. Ni na kawo shirin nan da hannuna."

"Mun gode, ranka ya daɗe. Kayan da aka sace na wa ne?"

"Na banki. Mun sayar wa ƙungiyoyin 'yan kasuwa, suna jiran a raba musu."

"Wa kake zargi?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Ba na son in faɗa. Ni na ɗauki yaron nan aiki. Amma matarsa ba ta da lafiya, kuma buƙata ba abin da ba ta sa mutum."

"Asarar za ta taɓa masu ajiya?"

"Ko kaɗan. Kayan na da inshorar Musulunci, wato takaful. Rahotonku kawai muke jira."

"Jiya kana ina?"

"Ina gida, ko ƙofa ban leƙa ba."

Suna fitowa Saje ya yi tsaki. "Mutum ko ɗan yunƙurawa bai yi ba. Girman kai."

Wata dattijuwa mai tabarau da ke zaune a kujerar jira ta ɗago kai.

"Shi? Ai ko masinja ne ya shiga sai ya miƙe ya tarye shi. Kai ne Sufeto? Kai nake jira."

Hajiya Odita ake ce mata. Ta yi shekara talatin tana binciken kuɗi kafin ta yi ritaya, kuma bana ƙananan masu hannun jari suka zaɓe ta ta wakilce su a hukumar daraktoci. Da Sufeto ya maimaita mata zancen matarsa, ta cire tabarau ta dube shi da kyau.

"Ka faɗi alaƙarka da bankin ba a tambaye ka ba. Tun da na zo gidan nan ban ji wanda ya yi haka ba. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, ranki ya daɗe. Me kika sani?"

"Ban san komai ba, shi ne damuwata. Shekara uku kasuwa na ciwo, kowa na kuka, amma ribarmu ko mura ba ta taɓa yi ba. Kullum sama. Kuma yawancinta daga cinikin firiji take. Jibi ne taron shekara na masu hannun jari, aka kawo mini lissafi in sa hannu. Na ce sai na je sito na buɗe kwalaye da kaina."

"Yaushe kika faɗi haka?"

"Ranar Juma'a, a zaman daraktoci. Na ce Litinin da safe. Ga Litinin ɗin."

"Su wa suka ji?"

"Ciyaman, da Babban Manaja, da Malam shugaban kwamitin Shari'a."

"Wa ke kawo wa bankin firiji?"

"Ƙanin Ciyaman. Ni ma a bakin wani direban banki na ji."

Ciyaman ya yi tafiya tun Asabar, don haka a waya aka same shi. Ya ce shi bai san harkar ƙaninsa ba, kuma takarda in Babban Manaja ya kawo, sa hannu kawai yake yi, domin mutum ne mai amana. Ƙanin kuwa sun tarar da shi a wani ɗan shago da bai fi cin firiji biyar ba. Ya rantse ya kai kaya cif-cif. Da aka tambaye shi sunan direban da ya yi dakon, sai ya ce ba zai ƙara magana ba sai lauyansa ya zo.

"Wa da ƙani ne, Yallaɓai," in ji Saje a mota. "An gama."

"Wataƙila. Mu je wajen Malam."

Sun sami Malam a ɗakin karatunsa, ya miƙe ƙafa a kan matashi. Aikin kwamitinsa shi ne tabbatar da cewa duk cinikin bankin ya dace da Shari'a.

"Allah gafarta Malam, ya halatta banki ya sayar da abin da bai mallaka ba?"

"Bai halatta ba. In babu kaya babu ciniki, ribar kuma ba halal ba ce. Shi ya sa duk shekara nake zuwa sito in gani da idona."

"Ka shiga cikin ragar?"

"Na shiga."

"Ka buɗe kwali?"

Malam ya shafa gwiwarsa, ya daɗe yana kallon darduma.

"Astagfirullah. Ɗana, na yi maka ƙarya yanzu, kuma ba zan ƙara ta biyu a kanta ba. Ban shiga ba. Gwiwar nan ke damuna, sai a ajiye mini kujera a bakin ƙofa, a buɗe mini guda daga na gaba. Sauran daga nesa nake hango su. Na sa hannu a kan na gani."

"Wa ke ajiye kujerar?"

"Duk wanda ya raka ni. Bara Babban Manaja ne, yana ta tausaya mini." Ya share ido da gefen rawani. "Na gode da ka tambaye ni a nan duniya. Akwai inda za a tambaye ni ba dama in gyara."

Da suka koma caji ofis da yamma, wata tsohuwa na zaune a bakin kantar karɓar ƙorafi riƙe da katin asibiti. Mahaifiyar mai sito ce.

"Ɗana, yaron nan bai saci ko allura ba. Tun daren Juma'a yana asibiti, an yi wa matarsa aiki an ciro jariri. Ni da shi muke jinya. Jiya ko alwala a harabar asibitin ya yi."

Sufeto ya sa aka ba ta kujera da ruwa, sannan aka fito da mai sito.

"Me ya sa ka ce ka je sito jiya?"

Mai sito ya fashe da kuka. "Yallaɓai, Babban Manaja ne ya ce in zauna da iyalina, kada in damu da zuwan Lahadi, amma kada kowa ya ji don ya saɓa ƙa'ida. Shi ya biya kuɗin aikin daga aljihunsa. Da ba don shi ba da na rasa su duka biyu. Ta yaya zan ambaci sunansa a gaban 'yan sanda?"

"Kayan cikin raga, ka taɓa ganin wani abu game da su?"

"Wata rana kyanwa ta shigo tana bin ɓera. Ta yi tsalle ta hau kwali na sama, sai na ga ya yi rawa kamar zai faɗo. Firiji ba ya rawa don kyanwa. Na ji tsoro, na ja bakina na yi shiru. Aikin nan shi ke ciyar da mu."

Sufeto ya sa hannu aka ba da belinsa. Tsohuwar ta kama hannunsa da hannayenta biyu tana ta sa albarka, har da iyayensa da 'ya'yan da bai haifa ba tukuna. Sai da Saje ya tuna mata jariri na jira sannan ta sake shi.

Washegari da sassafe suka koma layin siton.

"Me muke nema, Yallaɓai?"

"Kwali. In babu firiji a ciki, abin da ya fita ta kan katakon nan kwali ne."

Ba su yi nisa ba. A bakin layin, wani mai gyaran takalma ya yi wa rumfarsa sabuwar inuwa da faffaɗan kwali, hoton firiji a jiki.

"Ina ka samo wannan?"

"Kyauta ce, Yallaɓai. Shekaranjiya da rana wani bawan Allah ya buɗe siton, ya kira masu sayen kwalaye ya ce su ninke su kwashe, ko sisi bai karɓa ba. Na zaci shara bankin ke yi. Na roƙi guda aka ba ni."

"Ka ga fuskarsa?"

"Ya sa takunkumi da hular sanyi cikin wannan zafi. Amma ba lebura ba ne. Bayan kowa ya watse ya daɗe a ciki, ya fito da wata jaka mai nauyi, yana tsakiyar katako sai ya zame, ji kake tim a rami. Ni na jawo shi. Hannunsa laushi kamar audugar asibiti. Ƙafar hagu ta gurɗe, da ɗingishi ya kai mota. Mutumin kirki, sai godiya yake yi mini."

Ya laluba ƙarƙashin benci ya ɗauko takalmi wari guda, baƙi, na fata mai tsada.

"Laka ta riƙe wannan. Na ciro na wanke na goge, ko zai dawo nema."

Saje ya juya takalmin a hannu, ya dubi Sufeto.

"Yallaɓai, ashe ba girman kai ba ne."

Da hantsi daraktoci suka taru a ɗakin taro. Ciyaman ya dawo, ga Malam, ga Hajiya Odita. Babban Manaja ya riga kowa shiga, yana zaune a kujerarsa. Mai sito na tsaye a bakin ƙofa, domin Sufeto ya aika a kira shi.

"Ba a saci firiji ko ɗaya ba," in ji Sufeto. "Abin da ke bayan raga kwalaye ne babu komai a ciki. Banki ya biya kuɗin kayan da ba a kawo ba, ya rubuta ya sayar, ya rubuta riba. Da Hajiya ta ce za ta buɗe, sai wani ya riga ta zuwa ya kwashe kwalayen, ya datse kwaɗo da kayan aikin da ya zo da su a jaka don a ce sata ce."

Ciyaman ya buga tebur. "Wane ne?"

Sufeto ya ɗora takalmin a kan tebur.

"Ranka ya daɗe Manaja, ka taimaka ka taso ka zo nan."

Babban Manaja ya dubi takalmin ya daɗe. Ya dafa tebur ya yunƙura, fuskarsa ta yamutse, ya koma ya zauna. A hankali ya turo kujerar baya. Ƙafar hagu na naɗe da bandeji, cikin silifa.

"Ba sai na taso ba. Nawa ne."

"Inna lillahi," in ji Malam.

"Shekarar farko cinikin gaskiya ne," in ji Babban Manaja, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Firijin gidanka na gaske ne, Sufeto. Sai kasuwa ta faɗi, mutane suka kasa biya, muka yi asara. Na zo ɗakin nan da niyyar in faɗa. Kafin in buɗe baki Ciyaman ya ce ya riga ya yi wa masu hannun jari alkawarin riba ta fi ta bara, kuma kwantiragina da ladana duk a kan riba aka ɗaura su. Na ce bari in rufe na shekara guda. Na sami ƙaninsa, ya ba ni rasit da kwalaye, ya cire nasa, ya dawo da sauran kuɗin ta hannun ƙungiyoyin da babu su, kamar suna biyan bashi. Ribar da muka raba, daga cikin uwar kuɗin mutane muka yanko ta."

"Ni ban sani ba!" in ji Ciyaman.

"Ba ka sani ba," in ji Hajiya Odita. "Shekara uku kana kujerar da aka ajiye ka don ka sani."

"Inshorar fa?" in ji Sufeto.

"Da ta biya, da ramin ya cike."

"Da kuɗin wasu bayin Allah. Shi kuma mai sito ya tafi gidan yari."

Babban Manaja ya kasa duban ƙofa. "Na ce a raina zan ɗaukar masa lauya, in riƙe iyalinsa. Haka na riƙa gaya wa kaina." Ya juya ga Hajiya Odita. "Ranki ya daɗe, kullum ina jiran wani ya ce zai buɗe kwali. Ba wanda ya ce sai ke. Ranar Juma'a na tsane ki. Yau kuwa wallahi na gode."

"Bankin zai rayu?" in ji Malam.

Hajiya Odita ta gyara zaman tabarau. "Zai rame, amma zai rayu. Da an ƙara shekara guda, da sai dai a rufe ƙofa. Gobe za mu tsaya gaban masu hannun jari mu ce babu riba bana, ga dalili. Yau kuma za a sanar da hukumar da ke sa ido kan bankuna. Malam, tare za mu tsaya."

"Da gwiwar nan zan tsaya, ko za ta karye. Bayan nan su zaɓi wanda ya fi ni."

Saje ya sanar da Ciyaman cewa an riga an tafi ɗauko ƙaninsa, kuma shi ma ana buƙatarsa a caji ofis ya ba da bayani.

Matsalar da ta rage ita ce matakala. Babban Manaja ya dafa bango ya yi taku biyu ya tsaya, zufa na keto masa. Kafin Saje ya matso, mai sito ya riga ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin hammatarsa.

"Bari, ɗana. Ban cancanta ba."

"Ranka ya daɗe, abin da ka yi mini jiya yana nan, zan faɗe shi a kotu yadda yake. Amma matata da ɗana suna numfashi. Taka a hankali."

Haka suka sauko, ma'aikata sun yi cirko-cirko a bakin ofisoshinsu. A ƙasa masu ajiya na kan layi, wasu suka gaishe da Babban Manaja kamar kullum, ya amsa kansa a sunkuye.

Da aka zaunar da shi a bayan mota, ya dubi Sufeto.

"Alfarma guda. Kafin maganar nan ta bazu, ina son uwar 'ya'yana ta ji daga bakina."

Sufeto ya ciro wayarsa ya miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Saje ya ta da mota, ya rage muryar rediyo, suka hau titi. Wayar ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka.

"Ni ne," in ji Babban Manaja. "Nemi wuri ki zauna, akwai abin da na daɗe ina ɓoye miki."